Darasi na 9: Lokaci Ma Jari Ne

Manufar darasi

A ƙarshen wannan zama, kowace mamba za ta iya:

1. ƙirga awannin aikinta na gaskiya a mako;
2. lissafa abin da awa ɗaya ke kawo mata a kowane irin aiki;
3. sa wayarta, babba ce ko ƙarama, ta riƙa tuna mata alkawari, ranar zubi da ranar biyan bashi;
4. ƙin karɓar aikin da ya fi ƙarfin lokacinta ba tare da an ɓata ba.

Tsawon zama: minti 90. Idan taron zubi ya ci lokaci, a raba darasin gida biyu, a tsaya a ƙarshen mataki na 3.

Kayan aiki: babbar takarda da alƙalami mai kauri, tsakuwa ko ƙwallon dabino 24 ga kowane rukuni, littafin rubutu, da wayoyin mambobi.

Ga jagora: An shirya wannan darasi ne don mata masu cin gashin kansu, waɗanda ba su da oga kuma ba su jiran albashin ƙarshen wata: tela, mai kitso, mai lalle, mai kwalliyar amare, mai girkin biki, mai haɗa turaren wuta da humra, mai cincin da dubulan, da 'yan matanmu masu karɓar aikin buga takardu, fassara ko zane ta intanet. Mai albashi an yanka mata lokacin shiga da na tashi. Mai sana'ar kanta kuwa ita ce oga, ita ce ma'aikaciya, kuma ita ce uwar gida. Kafin ranar zama, ki gwada duk abin da ke mataki na 4 a wayarki, domin wayoyi sun bambanta. Kuɗaɗen da ke cikin darasin misali ne kawai. Ku sa farashin garinku.

Mataki na 1: Labari (minti 15)

Ki karanta wa mambobi wannan labarin a hankali.

Wata tela ce a wata ƙungiya irin tamu. Hannunta na da kyau, shekara biyu tana zubi ba ta taɓa fashi ba. Da azumi ya kama, ta ci bashi daga akwati ta gyara kekenta, ta sayi zare da zif da kayan ado, da niyyar ta biya daga cinikin sallah.

Saura mako uku sallah aiki ya fara zuwa. Wannan ta kawo kala biyu, waccan ta aiko da uku. Duk wadda ta ce, “Anti, za a samu kuwa?” sai ta ce, “Haba, me zai hana? Ajiye kawai.” Kafin ta farga, atamfa talatin ce jibge a kan gado, kowacce ta karɓi kafin alƙalami naira 2,000. Ba ta rubuta komai ba, a ganinta duk suna kanta.

A mako na biyu aka yi rasuwa a maƙwabta, kwana uku ba ta taɓa keke ba. Ta shiga kwanan zaune, idonta ya yi ja, bayanta ya riƙe. Ranar jajibiri ta gama sha tara, saura sha ɗaya ko yanka ba a yi ba. Tsakar gidanta ya cika da mata. Wata ta kwashi yadinta tana cewa, “In na sake kawo miki ɗinki, ki ce ba ni ba ce.” Sai da ta mayar da naira 22,000, kuɗin da ta riga ta kashe a cefanen azumi. Da ranar taro ta zo, ta makara, aka ci ta tara, kuma a karon farko ta tsaya gaban akwati ta ce ba ta da na biyan bashi.

Ki tambayi mambobi:

- Wannan mata malalaciya ce?
- A wace rana ce matsalarta ta fara: ranar rasuwa, ranar jajibiri, ko kafin nan?
- Ban da naira 22,000, me kuma ta rasa?
- Wa irin wannan ta taɓa samu a cikinmu?

Ki bar su su yi magana sosai. Abin da ake so su gano shi ne: matsalar ta fara ne ranar da ta ce “ajiye kawai” ba tare da ta ƙirga ba. Da a ce mace ta zo neman bashin da ya fi abin da ke cikin akwati, ba za mu ba ta ba, don mun ƙirga mun san abin da ke ciki. Telar nan ta ba da bashin lokacin da ba ta da shi. Alkawari kaya ne, kuma ita ta ɗauka ba ta auna ba.

Mataki na 2: Awa nawa gare ki? (minti 20)

Ki raba mambobi huɗu huɗu, ki ba kowane rukuni tsakuwa 24. Kowace tsakuwa awa ɗaya ce, daga asubar yau zuwa asubar gobe. A zana gidaje a ƙasa kamar na dara: barci, ibada, girki, shara da wanki da ɗiban ruwa, hidimar yara, baƙi da zumunci, danna waya, sana'a. Mace ɗaya ta raba tsakuwar bisa yadda ta yi jiya, ba yadda take fata ba. Sauran su taya ta tunawa: “Yaya, kin manta awar da kika yi a layin niƙa.”

Kada ki yi musu gyara. Mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo. Ki dai tabbata an cika gidan barci da gaskiya, don mace ba ta cin riba da kwanan zaune. Asibiti ne ke cinye ribar.

Idan a gidan ana karɓa-karɓar girki, a raba tsakuwar sau biyu: ranar girki da ranar da ba girki. Za a ga bambancin a fili. Aikin da ke son natsuwa, kamar yanka yadi mai tsada ko lissafin kuɗi, a kai shi ranar da ba girki.

Yanzu ku koma kan telar labarinmu, ki rubuta a babbar takarda:

- Awannin ɗinki a rana: 5
- Kwanakin aiki a mako: 6
- Jimla a mako: awa 30
- A cire kashi ɗaya cikin biyar don abin da ba a zata ba: awa 6
- Abin da za ta iya yin alkawari a kai: awa 24

Wannan awa shida da aka ware ita ce asusun taimakon gaggawa na lokaci. Kamar yadda muke ware ɗan wani abu a kowane zama saboda ciwo ko gobara, haka za ki ware awanni saboda rasuwa, suna, ciwon yaro, ɗauke wuta ko baƙon da bai yi sallama tun daga nesa ba. In mako ya wuce lafiya, kin samu rara. In bai wuce lafiya ba, ba ki zama maƙaryaciya ba.

Atamfa ɗaya tana cin telar nan awa huɗu, daga awo da yanka har guga. Ke nan kala shida a mako, sha takwas a mako uku. Ita kuwa ta karɓi talatin, aikin awa 120. Ko da ba a yi rasuwa ba, awa 90 ne duka abin da take da shi. Tun ranar farko lissafin bai fita ba.

A nan wata za ta iya cewa, “To ni tsakuwa biyu ce ta rage min.” Ku tattauna abin da za a iya ragewa ko rabawa: haɗa cefanen kwana uku a fita ɗaya, yin karo-karo da maƙwabciya wajen kai yara makaranta, zama da maigida a nuna masa lissafin don a ware miki awannin da ba za a kira ki ba sai da dalili. Abu ɗaya ne ba ma so: a hana yarinya makaranta don uwa ta samu lokaci. Wannan cin bashi ne daga rayuwar 'yarki.

Mataki na 3: Nawa awarki take kawowa? (minti 15)

Da yawa daga cikinmu muna auna aiki da yawan kuɗin da aka miƙo. Mu gwada auna shi da awa.

Ɗinkin atamfa: an biya naira 4,000. Zare, zif da gawayin guga sun ci 800. Saura 3,200. Awa huɗu ya ɗauka. Kowace awa ta kawo naira 800.

Ɗinkin leshi mai ado da duwatsu: an biya naira 9,000. Kayan aiki sun ci 1,800. Saura 7,200. Amma da ɗinkin, da manna duwatsun, da gyaran da mai shi ta dawo da shi sau biyu, awa goma sha biyu ya ci. Kowace awa ta kawo naira 600.

Ki tambaya: wanne ne babban aiki? A ido leshin ne, a aljihu kuwa atamfar ce. A awa goma sha biyun nan da ta ɗinka atamfa uku, da ta tashi da 9,600. Ba cewa ake a daina karɓar leshi ba. Cewa ake a san kuɗinsa: in har awarta 800 ce, ladan hannun leshin 9,600 ne, a ɗora kayan aiki 1,800, farashinsa ya zama 11,400.

Kowace mamba ta zaɓi aiki biyu da take yi, ta yi wannan lissafin. Mai lalle ta sa lokacin tafiya gidan amarya da zaman jiran ƙawaye su taru. Mai girkin biki ta sa zuwa kasuwa da wanke tukwane. Duk lokacin da aiki ya hana ki yin wani abu, na aikin ne.

Mataki na 4: Sa waya ta yi miki aiki (minti 25)

Ki fara da wannan: waya ba ta ƙara wa kowa awa ko ɗaya. Amfaninta shi ne ta riƙe miki abin da kai zai manta, ta kuma auna miki abin da kike ƙiyastawa. Kowa ta fito da wayarta. Wadda ba ta zo da ita ba ta zauna kusa da wata.

*Agogo da ƙararrawa.* Wannan yana cikin kowace waya, har ƙarama mai madannai, kuma ba ya cin data. Yanzu a nan, kowa ta saita ƙararrawa mai maimaita kanta duk mako, awa ɗaya kafin taronmu. Tarar latti ta ƙare ke nan. A babbar waya, cikin manhajar agogon akwai ma'aunin lokaci da ake tayarwa a tsayar. Ki tayar da shi in kin fara aiki, ki tsayar in kin tashi. Ki auna aiki iri ɗaya sau uku kafin ki yarda da adadin.

*Kalanda.* Duk aikin da kika karɓa, ki sa shi a kalandar waya kafin mai shi ta bar gidan: suna, irin aiki, abin da ta bayar, abin da ya saura. Google Calendar, wadda ke zuwa a yawancin wayoyin Android, tana ba ki damar zaɓar yaushe za ta tuna miki. Ki sa tuni biyu, ɗaya ranar da ya kamata ki fara aikin, ɗaya ana gobe za a karɓa. Tunin ranar karɓa kaɗai ba ya da amfani, ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ranar biyan bashin akwati: ki sa ta tuna miki saura mako guda.

*Saƙon murya zuwa ga kanki.* Wadda rubutu ke yi wa wuya ba a bar ta a baya ba. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ya ba da damar mutum ya aika wa lambarsa saƙo. Ki ɗauki hoton yadin, ki tura wa kanki, ki bi shi da murya: “Na Maman Biyu ne, riga da siket, ta ba da dubu biyu, saura biyu, ranar Laraba ta sama.” Ki maƙale wannan hirar a sama, don WhatsApp na barin a maƙale hira uku. Kowace safiya ki saurara kafin ki fara aiki.

*WhatsApp Business.* Wannan ta masu sana'a ce, an fito da ita a 2018, kuma kyauta ake sauke ta. Abu uku a cikinta ke ceton lokaci. Na ɗaya, za ki iya jera hotunan kayanki da farashinsu, ki huta da amsa “nawa ne?” sau ashirin a rana. Na biyu, za ki iya rubuta saƙon da zai tafi da kansa idan an yi miki magana a lokacin da ba kya aiki, misali: “Sannu da zuwa. Ina amsa saƙo bayan azahar da bayan isha'i.” Na uku, za ki iya yi wa kowace hira alama: sabon aiki, ana kan yi, an gama, saura kuɗi. Ki sani, lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp na kullum da na sana'a a lokaci guda. Ko ki mayar da lambarki can, ko ki ware wa sana'a layi na biyu.

*Jerin aikin yau.* Google Keep tana ba ki damar rubuta jeri ki riƙa soke abin da kika gama, kuma tana buɗewa ko babu data. Kada jerin ya wuce manyan ayyuka uku a rana. Mafi wuya shi ne na farko, da sanyin safiya ake kama fara.

*Zama ɗaya, aiki ɗaya.* Wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo, yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980, ya fito da wata dabara da agogon kicin mai siffar tumatir, shi ya sa ake kiranta Pomodoro, wato tumatir da yarensu. Aiki minti 25 ba waiwaye, hutu minti 5, in an yi haka sau huɗu a yi dogon hutu. Ba sai kin sauke wata manhaja ba, agogon wayarki ya isa. Ki kifa wayar, ki bar saƙonni sai lokacin hutu. Mai kitso ko mai suya ba za ta iya tashi a tsakiyar aiki ba, sai ta auna da kai ɗaya ko kasko ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa.

*Ina lokacin ya tafi?* A yawancin wayoyin Android na yanzu, cikin saitin waya akwai wurin da ake kira Digital Wellbeing. Yana nuna minti nawa kika yi yau a TikTok, Facebook ko WhatsApp, kuma za ki iya yanka wa kowacce iyaka, in ta cika ta rufe sai gobe. Wadda ta yarda ta duba nata, ta kwatanta da tsakuwar da ta sa a gidan danna waya. Ba don a kunyata kowa ba. In awa biyu ce a rana, awarki kuma 800, kin ga abin da ake magana. Zaurukan dangi da na biki masu yawan ƙara, a kashe musu sauti na awa takwas ko na mako guda.

*Masu aiki ta intanet.* In wanda ya ba ki aiki yana wata ƙasa, ki tambaye shi agogon wa ake bi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi lokacinsu ɗaya. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Ingila lokacinmu ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana baya da awa ɗaya. Ki yi niyyar miƙa aiki kwana guda kafin wa'adi, saboda wuta da sabis ba su da alkawari.

Hattara

- Ki zaɓi abu biyu kawai daga cikin waɗannan, ki riƙe su wata guda. Tara manhajoji shi ma ɓata lokaci ne, ga cika waya.
- Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, caji na ƙarewa. Duk ranar Juma'a ki kwafe alkawuran da kuɗin mutane a littafi, da boko ko da ajami, ko ki sa wadda kika amince da ita ta rubuta miki.
- Ki sa wa wayar makulli, musamman in yara na wasa da ita.
- Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo, kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiya yake.
- Manhajar da ta nemi lambar sirrin bankinki, ko ta yi miki tayin bashin gaggawa, ki rabu da ita.

Mataki na 5: Yadda ake cewa a'a (minti 10)

Lissafi da waya ba za su amfane ki ba in kunya ta hana ki magana. Mata biyu su fito su gwada wannan, sannan wasu su sake shi da sana'arsu.

Hajiya: Ga leshina nan, ranar Asabar nake so. Bikin 'yar ƙanwata ne.

Tela: Allah ya sanya alheri, Hajiya. Bari in duba littafina. Wallahi Asabar ta cika, akwai kala shida a gabanki.

Hajiya: Haba 'yar nan, ni ce fa. Ki ɗan matsa na wata mana.

Tela: Ai saboda ke ce ba zan yi miki ƙarya ba, Hajiya. In na ce to, ranar biki za ki zo ki tarar ban gama ba, kin ga na ci amanarki. Talata zan iya. In kuma dole sai Asabar, akwai wata a ƙungiyarmu mai hannu da kyau, bari in kira miki ita yanzu.

Ki nuna musu abu uku da telar ta yi: ta duba kafin ta amsa, ta faɗi ranar da za ta iya, ta kuma tura aikin ga 'yar ƙungiya maimakon ya fita waje. Wataƙila Hajiya ta tafi da ɗan fushi yau. Amma wadda aka gaya wa gaskiya tana dawowa. Wadda aka bari da yadi a hannu ranar biki, ita da ƙawayenta an rasa su.

Aikin gida (minti 5)

Kafin zama mai zuwa, kowace mamba:

1. ta auna aikinta mafi yawa sau uku, ta zo da adadin awanninsa;
2. ta sa duk alkawuran da ke kanta yanzu a kalanda, saƙon murya ko littafi;
3. ta saita tunin ranar zubi, da na biyan bashi in ana bin ta;
4. ta zaɓi abokiya ɗaya a ƙungiya da za su tambayi juna a tsakiyar mako: “Kala nawa ke kanki, awa nawa ta rage miki?”

Ga jagora: A zama na gaba, kafin a buɗe akwati, ki ba mata uku minti biyu biyu su faɗi abin da suka gano. Daga yanzu kuma, duk wadda ta zo neman bashi don karɓar babban aiki, bayan an tambaye ta nawa take so da yadda za ta biya, a ƙara mata tambaya ɗaya: awa nawa aikin zai ci, kuma tana da su?